Maganar Kiristoci a Kan Wuta da Ranar Sakamako, da Abin da Ya Kamata Musulmi Ya Riƙe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya duniya gonar lahira, Ya kuma keɓanta da sanin makomar kowane bawa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, cikamakin Annabawa, da ƴan'uwansa Annabawa da Manzanni, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar tsayuwa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Dalilin wannan tunatarwa

A farkon daminar da ta wuce, sa'ad da ƴan ci-rani suka fara dawowa gida domin shuka, wani saurayi daga cikin masu salla a bayanmu ya tsaya bayan sallar asuba har kowa ya watse. Ya yi wata bakwai a Legas yana dako, ɗaki ɗaya da wani Kirista, wanda ya yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Wata rana abokin nan ya ce masa: "Ni na san inda za ni in na mutu, domin an riga an biya mini bashina. Kai fa?" Saurayin ya ce mana ya rasa amsa, kuma tun ran nan maganar ba ta bar zuciyarsa ba. Tambaya biyu ya kawo mana. Shin gaskiya ne su suna da tabbas, mu ba mu da shi? Kuma mutumin da ya tsaya a kansa cikin ciwo, ya halatta ya dube shi ya ce masa ɗan wuta?

Ba shi kaɗai ba ne. Kowace shekara samarinmu na Magarya da Bande da Washa da Dungas da Malawa suna ƙetare iyaka zuwa Kano da Legas, wasu har Kwatano da Abijan. Suna jin wa'azin Kirista a tasha da cikin mota, ana miƙa musu ƴan takardu, suna kuma ji a rediyo da wayar salula. A nan gida ma Kiristoci ba baƙi ba ne. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram tun shekarar 1924, daga baya suka kafa mazauni a Dungas, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Littafinsu kuwa an buga shi cikakke da Hausa tun 1932, kuma masu fassarar sun yi amfani da kalmomin da kunnenmu ya saba da su, irin su lahira da Firdausi. Ke nan yaro yana iya jin kalmar da ya sani, alhali ma'anar da ke ƙarƙashinta dabam ce. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana abin da suke faɗa kamar yadda su da kansu suke faɗarsa, ba ƙari ba ragi, domin ƙaga wa mutum ƙarya haramun ne ko da ba addininku ɗaya ba.

Abin da suka haɗu a kansa

Mafi yawan Kiristoci sun yarda da tashin matattu, da hukunci na ƙarshe, da gidan ni'ima da gidan azaba. Tashin matattu da hukunci na ƙarshe suna cikin shahadar bangaskiyarsu da aka fara tsarawa a taron Nikiya a shekara ta 325, aka kammala a Ƙusɗanɗiniyya a 381. A cikinta sun ce Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (A.S.), zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. A Linjilar Matiyu, sura ta 25, an kwatanta wannan rana da makiyayi yana ware tumaki daga awaki, kuma abin da ake tambaya a can shi ne ciyar da mayunwaci, da tufatar da matsiraici, da gaishe da marar lafiya da ɗan kurkuku. A Linjilar Luka, sura ta 16, akwai labarin wani attajiri da ya shiga azaba, matalaucin da ke kwance a ƙofarsa kuwa, mai suna Li'azaru, aka kai shi wurin Annabi Ibrahim (A.S.). Littafinsu na ƙarshe, Wahayin Yahaya, ya yi maganar buɗe littattafan ayyuka da tafkin wuta.

Kalmomin asali da suke fassarawa da lahira ko wuta ba ɗaya ba ne. Akwai Sheol a Ibrananci da Hades a harshen Girka, duka biyun suna nufin mazaunin matattu. Akwai kuma Gehenna, wadda asalinta sunan wani kwari ne a gefen Birnin Ƙudus, kwarin Hinnom, kuma masana harshe suna ganin tushenta ɗaya da kalmar Jahannama. Yadda za a fahimci waɗannan kalmomi yana cikin abin da ya raba malamansu.

Inda suka saɓa wa juna

Ra'ayi na farko, wanda shi ne na mafi rinjaye tun da can, shi ne azabar wuta ta har abada ce, kuma mai shan ta yana jin ta. Babban mai kare wannan ra'ayi shi ne Agustin, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya yi shugabancin coci a garin Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya rasu a shekara ta 430. Ƴan mishan ɗin da suka zo ƙasarmu a kan wannan ra'ayi suke. Cocin Katolika ma tana kansa, sai dai littafin koyarwarta na 1992 ya ce mafi girman azabar wuta shi ne rabuwa da Allah har abada. A 1999 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya yi bayanin cewa wuta ta fi zama halin da mai juya wa Allah baya yake ciki, a kan ta zama wani wuri.

Ra'ayi na biyu shi ne ƴan wuta za su halaka su shuɗe, babu sauran ji ko sani. Wannan shi ne ra'ayin ƴan Adventis masu hutun Asabar, da Shaidun Jehobah masu yawo gida gida da takardu. Wasu malaman Furotesta ma sun karkata gare shi, kamar John Stott na Ingila a 1988.

Ra'ayi na uku shi ne a ƙarshe kowa zai tsira, wuta kuwa magani ce mai ɗaci wadda za ta ƙare. An jingina shi ga Orijin, malamin Iskandariyya na ƙarni na 3. Shugabannin coci sun yi watsi da wannan ra'ayi a ƙarni na 6, aka kuma sa sunan Orijin cikin waɗanda aka la'anta a taron Ƙusɗanɗiniyya na 553. Duk da haka har yau akwai masu bin sa.

Ra'ayi na huɗu ana samunsa wurin wasu malaman cocin Gabas. Suna cewa hasken Allah ɗaya ne, mai son Allah zai ji shi ni'ima, mai ƙin Sa zai ji shi ƙuna. Daga cikin waɗanda ake jingina wa irin wannan magana akwai Ishaƙu na Ninawa, wanda ya rayu a ƙarni na 7 a ƙasar Iraƙi, bayan Musulunci ya isa can.

Bayan waɗannan akwai babbar saɓani tsakanin Katolika da Furotesta a kan abin da ke tsakanin mutuwa da tashi. Katolika suna cewa akwai wani mataki na tsarkakewa, Furgatori, inda ake wanke wanda ya mutu da imani amma da sauran dauɗar zunubi, kafin ya shiga ni'ima. Don haka suke yi wa matattunsu addu'a, suka kuma keɓe ranar 2 ga Nuwamba saboda haka. Majalisarsu ta Tarento ta tabbatar da wannan aƙida a 1563. Furotesta sun ƙi wannan. Asalin rabuwar ya faro a 1517, sa'ad da Martin Luther na Jamus ya tashi a kan sayar da takardun sassauta azaba da kuɗi. A wurinsu ceto da bangaskiya ne kaɗai, kuma da mutuwa magana ta ƙare. Ayar da Katolika ke kafa hujja da ita tana cikin littafin Makkabi na biyu, wanda Furotesta ba su lissafa shi cikin nassi ba, domin littattafan Katolika 73 ne, na Furotesta 66.

Har makomar jarirai ta zama musu abin muhawara. Saboda aƙidarsu cewa kowane ɗan Adam yana gadon zunubin Annabi Adamu (A.S.), malaman Katolika sun daɗe suna cewa jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba yana wani wuri mai suna Limbo, ba azaba ba kuma ganin Allah. A 2007 kwamitin malamansu na Roma ya ce akwai dalilin fatan rahama ga waɗannan jarirai.

To, kun ga ke nan duk wanda ya ce muku "Kiristoci sun ce", ku tambaye shi waɗanne.

Inda muka yi kama da inda muka rabu

Ya ku ƴan'uwa, imani da Ranar Lahira ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani shida da suka zo a hadisin Jibrilu. Duk wanda ya karanta muƙaddimar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya san jerin abin da muka yi imani da shi: tambayar kabari, tashi, mizani, karɓar takardu da dama ko hagu, siraɗi, tafkin Annabi (S.A.W.), ceto, da fitar masu tauhidi daga wuta saboda imaninsu.

Babu mamaki a sami kama, domin dukkan Annabawa sun yi gargaɗi da wannan rana. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisi ƙudusi inda Allah zai tuhumi ɗan Adam a kan marar lafiyan da bai gaishe ba, da mayunwacin da bai ciyar ba, da mai ƙishin da bai shayar ba. Mun kuma yi imani Annabi Isa (A.S.) zai sauko kafin tashin ƙiyama, a gabashin Dimashƙa, ya kashe Dujal a ƙofar Luddu. Ko maganar ƙarewar wuta ta taɓa shiga tsakanin malamanmu. An jingina wani abu nata ga Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, Taƙiyuddin Assubki ya yi raddi, kuma abin da jamhurin Ahlus Sunna suke kai shi ne Aljanna da wuta dawwamammu ne.

Amma rabuwar tana nan a wuri uku, kuma ɓoye ta ba adalci ba ne gare mu ko gare su.

Na farko, wane ne Alƙalin wannan rana. Su sun ce Almasihu ne, domin sun ɗauke shi Allah. Mu kuwa mun ce Mamallakin ranar sakamako Allah ne Shi kaɗai. Annabi Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, kuma ƙarshen Suratul Ma'ida ya nuna shi ma za a tambaye shi a ranar, zai kuma barranta daga waɗanda suka bauta masa.

Na biyu, gadon zunubi. A wurinmu Annabi Adamu ya tuba, Allah Ya karɓi tubansa, magana ta ƙare a nan. Kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira. Ya ku iyayen da suka binne ƙananan ƴaƴa, kuma mun san kuna da yawa a cikin sahun nan, ku kwantar da hankalinku. Bukhari ya ruwaito mafarkin da Annabi (S.A.W.) ya ga Annabi Ibrahim cikin wani lambu, yara kewaye da shi, har da ƴaƴan mushrikai.

Na uku, fansa. Su sun ce an gicciye Almasihu domin ya ɗauke zunubin mutane. Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore kashe shi da gicciye shi. Suratul An'am, aya ta 164, ta tabbatar babu rai da zai ɗauki nauyin wani. Allah ba Ya bukatar jinin kowa kafin Ya gafarta. Kuma Ya gaya mana a wuri biyu cikin Suratun Nisa'i cewa shirka ita ce zunubin da ba Ya gafartawa ga wanda ya mutu a kanta. Wannan ita ce aƙidarmu, ba ma sassauta ta don neman yardar kowa.

Amsar tambaya ta farko

Muka ce wa saurayin nan: tabbas ɗinka ya fi ƙarfi, sai dai ka san inda yake. Kana da tabbas a kan Ubangijinka da alkawarinSa, ba ka da tabbas a kan zuciyarka da yadda za ka cika. Annabi (S.A.W.) ya sanar da sahabbansa cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna, har shi kansa, sai in Allah Ya lulluɓe shi da rahama. Ya kuma sanar cewa Allah Ya kasa rahama kashi ɗari, ɗaya Ya saukar duniya, casa'in da tara Ya ajiye. Suratuz Zumar, aya ta 53, ta hana mai zunubi yanke ƙauna komai yawan laifinsa. Ke nan masu cewa Musulmi yana sayen Aljanna da ladansa ba su fahimci addininmu ba.

Ku dubi manomi. Yana shuka geronsa da ruwan farko, ya yi noman fari da maimai, zuciyarsa cike da fata. Amma ba ya ƙirga damma tun gero bai fid da kai ba, domin ya san akwai fari, akwai tsutsa, akwai tsuntsu. Fata ke fid da shi gona, tsoro ke hana shi kwanciya a inuwa. Haka mumini yake tsakanin tsoro da fata har ran da za a rufe masa ido.

Amsar tambaya ta biyu

Malamanmu sun bambanta hukunci a kan aƙida da hukunci a kan wani mutum ayyananne. Muna cewa wannan magana kafirci ce, wannan aiki shirka ne. Amma mu nuna wane da yatsa mu ce ɗan wuta ne, wannan ba a ba mu shi ba, sai wanda nassi ya ambata, irin su Fir'auna da Abu Lahabi. Ba mu san da me mutum zai cika ba, ba mu kuma san yadda saƙo ya iso masa ba. Suratul Isra'i, aya ta 15, ta nuna Allah ba Ya azabtarwa sai bayan Ya aiko manzo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi fatan rahama ga Kiristocin da kira bai kai musu ba, da waɗanda suka ji sunan Annabi (S.A.W.) tare da ƙarya kawai. Suratul Hajji, aya ta 17, ta ambaci muminai da Yahudu da Nasara da sauransu, ta bar rarrabewa tsakaninsu ga Allah ranar ƙiyama. Muslim kuma ya ruwaito labarin wanda ya rantse Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah Ya gafarta wa wancan, Ya ɓata aikin mai rantsuwar.

Saboda haka muka ce wa saurayin: rama alherin abokinka da alheri, ka roƙa masa shiriya, ka bayyana masa tauhidi da tattausan harshe kamar yadda Suratul Ankabut, aya ta 46, ta umarta. Kada ka zagi abin da yake girmamawa, domin Suratul An'am, aya ta 108, ta hana.

Wajibi ne mu tuna abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai. Wata jarida a Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Annabinmu (S.A.W.), kuma babu Musulmin da bai ji zafinsa ba. Amma fushin ya sauka a kan waɗanda ba su yi zanen ba. Aka ƙone majami'u da gidaje da shaguna, mutum goma suka rasa rayukansu, wasu Musulmi kuwa, Allah Ya saka musu, suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Suratul Hajji, aya ta 40, ta jera majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah Yake kare su daga rushewa. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ke cikin amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Annabi (S.A.W.) ya karɓi Kiristocin Najran a Madina, ya rubuta musu amana a kan rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu. Ya kuma miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, domin rai ne. Irin wannan fitina tana farawa ne daga baki. Yaron da ya girma yana jin manya na kiran maƙwabci ɗan wuta, ran da aka miƙa masa ashana ba zai ga laifin kunnawa ba. Ku tsawata wa ƴaƴanku in kun ji suna yi wa ƴaƴan maƙwabta irin wannan gori a hanyar makaranta ko bakin rijiya.

Mu koma kan namu

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Muna ta tambayar makomar wasu, mun manta da tambayar da za a yi mana. Wanda yake awo da tiya biyu a kasuwa, babba in zai saya, ƙarama in zai sayar, da shi aka buɗe Suratul Muɗaffifina. Wanda ya matsar da gambar iyaka ya ci taƙi ɗaya na gonar maƙwabcinsa, hadisi ya ce za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Wanda ya hana ƴan'uwansa mata gadon gona da sunan al'ada, da wanda ya ba talaka hatsi da damina ya karɓi ninki da kaka, da wanda ya ci dukiyar maraya, duk waɗannan suna salla a sahunmu. Annabi (S.A.W.) ya kira mafallashi wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sa'an nan a ɗora masa zunubansu. Wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa da ta ɗaure, wata mai zunubi kuwa aka gafarta mata saboda karen da ta shayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda yake da haƙƙin wani a kansa ya mayar tun yau, tun kuɗi da hatsi suna da amfani.

Muna kira ga iyaye, kafin yaro ya ɗauki jaka zuwa ci-rani, a tabbata ya san aƙidarsa, ko da muƙaddimar Risala ce kaɗai. Muna kira ga malamai su buɗe ƙofa ga tambayoyin samari, kada a kore su da tsawa, domin tambayar da aka ƙi amsawa a zaure wani zai amsa ta a tasha.

Ya Allah Ka sa mu cika da kalmar shahada. Ka tsare mu daga azabar kabari da azabar wuta. Ka ba mu takardunmu da hannun dama, Ka nauyaya mizaninmu, Ka tabbatar da dugaduganmu bisa siraɗi. Ka ji ƙan iyayenmu da malamanmu da ƴaƴanmu da suka riga mu. Ka shirye mu, Ka shiryi maƙwabtanmu, Ka dawo da matafiyanmu lafiya da imaninsu. Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.